Neman Tallafi Don Aikin da Zai Haɗa Kaka da Jika

 

An ce in yi magana a kan yadda ake samo tallafin kuɗi don ayyukan da ke haɗa manya da yara. Zan fara da abin da wasu ba za su so ji ba: da wuya ku sami mai ba da tallafi da ya ware kuɗi da sunan zumunci. In kuka rubuta cewa kuna son dattawa da matasa su riƙa zama ana hira, za a karanta, a yaba, a ajiye takardar. Masu kuɗin nan kowa da abin da ya sa a gaba, wani lafiya, wani muhalli, wani adana tarihi. Naku shi ne ku nuna musu cewa burin nasu ba zai cika ba sai an zaunar da tsoho da yaro a tabarma ɗaya.

Ku je marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Rijiyoyi da yawa sun bushe, ba mai aiki a cikinsu. Tsohon marini zai leƙa wadda ke da rai, ya dubi kumfar da ta taso, ya shinshina, ya ce baban nan bai nuna ba, a ƙara masa kwana. Gwargwadon toka da kanwa a hannunsa yake, ba a littafi ba. A bakin ƙofa kuwa ga jikansa da waya mai kyamara, ya iya ɗaukar bidiyo ya tace, amma bai taɓa tsoma hannu a shuni ba. To, tun 2018 gidan tarihi na British Museum da ke Landan yana da shiri na musamman don tattara ilimin sana'o'in hannu da ke shirin ɓacewa, kuma gidauniyar Arcadia ce ke ba da kuɗin. Ita ce kuma ke ɗaukar nauyin shirin ɗakin karatu na British Library tun 2004, wanda ya tallafa aka ɗauki hoton rubuce-rubucen ajami a Yola. Su sana'a da takardu suke son cetowa. Amma wa zai fito da kundin daga adaka in ba dattijon gidan ba, wa kuma zai riƙe kyamarar in ba yaron ba? Irin waɗannan shirye-shirye sukan so a shigo ta hannun wata cibiya, don haka ku nemi Jami'ar Bayero ko Arewa House ta Kaduna ku yi tafiyar tare.

Haka abin yake a wajen muhalli. Shirin ƙananan tallafi na asusun GEF, wanda hukumar UNDP ke gudanarwa, ya daɗe yana ba ƙungiyoyin al'umma har dala 50,000. Dubi abin da ya faru a Maraɗi tun shekarun 1980, lokacin da manoma suka daina tumɓuke kututture suka koma renon tohonsa, abin da ake kira sassabin zamani. An kiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar ta wannan hanya. Tsoho ne zai ce wannan tohon na gawo ne, a bar shi. Saurayi ne zai ɗauki adda ya zagaye gona. Ofishin jakadancin Japan kuma gini da kayan aiki yake yi wa al'umma, ba ya biyan albashi. Kada ku ɓata takarda kuna roƙonsa alawus.

Sai dai kuɗin waje ya ragu. An rufe hukumar USAID a 2025, manyan ƙungiyoyi sun dawo suna rububin ɗan abin da ƙanana ke samu a da. Ni dai a ganina wannan ya isa ya sa mu waiwayi gida. An yi shekaru ana ware naira biliyan 100 duk shekara a kasafin tarayya don ayyukan mazaɓu. Wa ya taɓa kai wa ɗan majalisarsa rubutaccen aiki maimakon katin ɗaurin aure? Akwai cibiyar kula da dattawa ta ƙasa da ta fara aiki a 2021. Akwai 'yan asalin garinku da ke Legas da Fatakwal, da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Akwai hukumomin zakka da wakafi a jihohi irin su Kano da Sakkwato, ko da yake malamai na zaune a nan, za su tuna mana cewa zakka tana da mutanenta takwas, don haka wakafi da sadaka sun fi dacewa da irin wannan aiki.

Kuma ku fara zuba naku. A shirin CSDP na Bankin Duniya, a da al'umma kan kawo kashi 10 cikin 100, ko kuɗi ko yashi ko aikin gayya, kafin a saki sauran. Mai ba da tallafi ya fi sakin jiki da wanda ya tarar ya riga ya fara.

Batun takardu ba zan ja shi ba: rajista da hukumar CAC, shaidar SCUML, lambar haraji, asusun banki da sunan ƙungiya ba da sunan shugaba ba. Masu sa hannu su zama dattijo ɗaya da matashi ɗaya, in da hali ma'aji mace. Rasit ko na ruwan leda ne a adana shi. Duk wanda ya ce ku biya shi kafin ya fito muku da tallafi, ɗan damfara ne.

Abin da ya fi damuna shi ne kasafi. Sai ka ga an ware dubban ɗaruruwa don hayar zauren otal da wani ƙwararre daga Abuja, amma tsohuwar da za ta koya wa 'yan mata saƙar faifai, ko ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, an rubuta mata lemo da biskit. Muna cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma in an zo rabon kuɗi sai mu biya mai hawa rimin. Ita ce ƙwararriyar aikin, a sa mata lada a kasafi da sunan malama. A kuma sa zaman a lokacin da zai yi mata, bayan la'asar a tsakar gida, ba a bene hawa uku ba.

Roƙona gare ku, shugabannin ƙungiyoyi: kafin taronku na gaba, kowa ya samu dattijo ko dattijuwa ɗaya a unguwarsa, ya tambaye su abin da suka iya wanda ba mai koyo. Ku rubuta shi a shafi ɗaya, da yawan yaran da za su koya da abin da zai ci. Da wannan shafin za ku fita neman kuɗi.