Abin da muka gano a Gidan Makama



Kun tuna gardamar da muka sha kafin mu taɓa kuɗin asusu mu ɗauki mota zuwa Gidan Makama? Wasu cewa suka yi gara a ƙaro buhun shanshera. To, mun je. Gidan da Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau sarautar Kano a 1463, ga shi tsaf, an yaɓe, an gyara soraye.

Amma akushi ne ya tsaya mana a rai. 'Ya'yanmu suka nuna shi, wai mene ne wannan? Wallahi kunya ta kama mu, don namu tuni muka faskara, muka turara shinkafa da su.

Saboda haka duk mai tsohon akushi ko tasa, ta kawo ofis ranar Asabar. Mun ware musu kanta guda.