Atishok Ya Cancanci Gurbi a Lambu

A Italiya da Masar da Sifen ana noma wani tsiro mai ƙaya da ake kira atishok, ana cin tohon furensa tun bai buɗe ba. A ganina ya cancanci gurbi a lambu, domin shuka ɗaya kan yi shekara 3 zuwa 5 tana ba da amfani, muddin ruwa ba ya kwanciya a gindinta, kuma ana rage 'ya'yan da take fitarwa. Masu suka na cewa yakan bazu ya zama annoba, kuma da gaskiyarsu, don ɗan'uwansa kardun ya mamaye filayen kiwon Ajantina. Sai dai ta iri yake bazuwa, saboda haka mai lambun da ke yanke kawunan furen kafin su bushe ya toshe wannan hanya.