Ƙarancin Jini da Ciwon Ƙoda: Saƙon da Ƙashi Ke Aika wa Ƙoda



A darasin kimiyya an koya mana cewa ƙashi ginshiƙi ne da ke riƙe jiki. Gaskiya ne, amma ashe aikinsa ya wuce nan. A shekarar 2000 masana suka gano wani sinadari mai suna FGF23, wanda ƙashi ke sakawa cikin jini a matsayin ɗan aike zuwa ƙoda. Saƙon da yake ɗauke da shi biyu ne: ƙoda ta zubar da rarar sinadarin fosfet cikin fitsari, kuma ta rage sarrafa bitamin D. Shi fosfet, kusan kashi 85 cikin 100 nasa yana cikin ƙashi da haƙora, kuma daga abinci muke samunsa.

To, idan ƙoda ta fara rauni, ko saboda hawan jini ko ciwon suga, sai ta kasa zubar da fosfet yadda ya kamata. Ƙashi kuwa sai ya ƙara yawan 'yan aike. Wannan ɗan aike shi ne ke fara hauhawa, tun ma'aunin fosfet bai nuna komai ba. Amma da tsada ake sayen wannan daidaito. Bitamin D ya ragu, hanji ya rage tsotsar kalsiyam, sai wasu ƙananan halittu huɗu da ke cikin wuya su saki nasu sinadarin, PTH, wanda ke kwaso kalsiyam daga ƙashi. Ƙashi ya yi ta lalacewa a ɓoye. Masu wankin ƙoda kuwa, FGF23 nasu kan ninka na mai lafiya sau ɗaruruwa, kuma wani bincike na 2011 ya nuna yana kaurara naman zuciya.

Ina ƙarancin sinadarin ƙarfe ya shigo? Mu ma'aikatan gwamnati za mu fi saurin ganewa. Idan ƙarfe ya yi ƙaranci a jiki, ƙashi yakan rubuta takardun umarni barkatai, amma akwai akawu a bakin ƙofa da ke yayyaga rarar kafin su fita. Shi ya sa mai lafiyar ƙoda ba ya ganin illa ta wannan fuska. A jikin mai ciwon ƙoda akawun nan ya yi sanyi, takardu da yawa na fita lafiyarsu lau. Ga shi kuma masu ciwon ƙoda da dama suna fama da ƙarancin ƙarfe. Kun ga cuta biyu sun haɗu kan abu guda.

Wani abin mamaki, maganin ma yana da nasa. Akwai nau'in ƙarfe da ake bayarwa ta jijiya wanda ke hana akawun aikinsa, har fosfet ya zube fiye da kima, mutum ya ji kasala da ciwon ƙashi. An bayyana wannan a 2013. Saboda haka wanda aka yi wa ƙarin ƙarfe ya ji ƙarfinsa bai dawo ba, ya koma wurin likita ya nemi a auna fosfet.

A ganina, inda muka fi sakaci shi ne ƙarancin jinin matanmu. Haihuwa kusa da kusa, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki duk suna rage jini, mu kuwa sai mu ce gajiya ce. Shayi a kan abinci yana rage tsotsar ƙarfe, lemon zaƙi yana ƙara ta. Wanda aka ce ƙodarsa ta taɓu, ya yi hattara da lemon kwalba mai baƙin ruwa da abincin gwangwani, domin fosfet ɗin da ake zuba musu kusan duka hanji ke tsotsewa, saɓanin na wake da gyaɗa. Kuma ranar da za a auna ƙoda, a roƙi likita ya haɗa da ma'aunin ƙarfe.