Motar da Ba Ta da Direba: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Da sakatare ya ce in yi magana a kan motoci masu tuƙa kansu, sai da na yi dariya. Ni da na tashi a Darna Sabon Gari, motar da na sani ita ce Fijo 504 ta haya, huɗu a baya, biyu a gaba, buhun albasa a but, daga Illela zuwa Sakkwato ta Gwadabawa da Kware. Malamanmu za su tuna yadda muke isowa bayan hutu, jiki duk ƙura.

To amma maganar ba tatsuniya ba ce. Kamfanin Google ya fara aikin a 2009, daga baya aka raɗa masa suna Waymo. A 2020 ya buɗe wa jama'ar birnin Phoenix na Amurka motocin haya waɗanda babu kowa a kujerar direba. Da waya ake kiran mota, ta zo, ta kai mutum, kyamarori da na'urorin auna tazara su ne idanunta. Kamfanin Baidu ma ya saki irinsu a Wuhan ta ƙasar Sin. An kuma yi asara, domin a Maris 2018 motar gwaji ta Uber ta kaɗe wata mata a Arizona, ta rasu.

Tambayar da ake yi wa mutanen can ita ce: za ka sayi taka, ko za ka shiga ta haɗaka da baƙi? Mu kam mun daɗe da amsa wannan. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, har masu motar kansu sun ajiye sun dawo tasha.

Inda gizo ke saƙar, 'yan uwa, shi ne direban. Ƙanena direba ne a wannan hanya, na kuwa san tuƙi kaɗan ne daga cikin aikinsa. Shi ake ba saƙon kuɗi da na magani. Shi ake damƙa wa yarinya 'yar makaranta a ce amana ce, kada ka sauke ta sai bakin ƙofa. Ya san kowane rami da kowane shingen bincike, ya san jaki ba ya jin oda ranar Lahadi in kasuwar Illela ta ci. Idan tsautsayi ya faɗa, akwai wanda za a je wurinsa, akwai shugabannin tasha da za su zauna a yi sulhu. In na'ura ce ta yi ɓarna, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa?

Sai dai in faɗi gaskiya, na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta tseren lodi. Kun tuna abokin ajinmu da muka rasa a kan wannan titi, Allah ya jiƙansa. Gudu ne ya ci shi. Saboda shi, ni zan shiga irin wannan mota in ta zo. Ɗiyata ce dai ba zan sa ta ita kaɗai ba tukuna.

Na gaya wa ƙanen nawa haka. Ya tuna mini watannin da aka rufe iyaka da Konni, daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, lokacin da yake yini a tasha bai cika mota ba. Ya ce, "Yaya, wancan na ɗan lokaci ne. Wannan fa, yaran nan shida wa zai ɗauka?" Yana zaune can baya, na ce masa yau ya tambayi malamanmu da kansa.