Wasiƙar Irmiya Zuwa Babila: Yadda Ikkilisiya Za Ta Karanta Littafi Mai Tsarki A Yau

(Jawabin da aka gabatar wajen sujadar godiya a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Kwamitin shirye-shirye ya ɗora mani nauyin yin magana a kan yadda ya kamata ikkilisiya ta fassara Littafi Mai Tsarki a wannan zamani. Ni dai ma'aikacin gwamnati ne, ga kuma malaman da suka koya mana ilimin addini zaune a gaba, saboda haka zan ɗauki misali ɗaya kawai mu bi shi tare.

Misalin shi ne Irmiya sura 29 aya 11, inda Allah ya tabbatar wa mutanensa cewa nufinsa a kansu na alheri ne. Muna ganin wannan aya a jikin motoci da kalandu da katunan biki, kuma galibi ana ɗaukarta kamar alkawarin ƙarin girma a ofis ko buɗin kasuwa nan da ƙarshen shekara. Sai dai mu tuna cewa a ƙarni na 13 aka raba Littafi Mai Tsarki sura-sura yadda muke gani yau, lambobin ayoyi kuwa sai a ƙarni na 16. Irmiya wasiƙa ya rubuta, kuma duk wanda ya taɓa riƙe fayil ya san ba a yanke hukunci da layi ɗaya na wasiƙa.

Tambaya ta farko ita ce, wa aka rubuta wa? A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya kwashe sarki Yekoniya da mahaifiyarsa da fadawa da maƙera da masu sana'a daga Urushalima zuwa Babila. Su ne aka aika wa wannan wasiƙa, ta hannun wasu jakadu biyu na sarki Zedekiya. A lokacin akwai wani annabi mai suna Hananiya, wanda sura 28 ta ce ya tsaya a Haikali ya yi shelar cewa cikin shekara biyu za a dawo da kowa da komai. Har ya karya karkiyar da Irmiya ya rataya a wuyansa. Wata biyu bayan haka Hananiya ya rasu, kuma cikin 'yan shekaru Babilawa suka rushe Urushalima da Haikalin baki ɗaya.

Saƙon Irmiya ba mai daɗin ji ba ne. Ya ce zaman zai kai shekara 70, don haka su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu, su nemi lafiyar birnin da aka kai su bauta, su kuma yi masa addu'a. Wato dattijon da ya ji an karanta wasiƙar ya san a Babila za a binne shi. Alkawarin aya ta 11 a cikin wannan hali aka yi shi, kuma da jama'a ake magana. Turanci yana ɓoye mana wannan, domin kalma ɗaya yake da ita ga mutum ɗaya da mutane da yawa, amma Hausa kamar Ibrananci tana bambanta "kai" da "ku". Bugu da ƙari, kalmar "shalom" da ke aya ta 11, wadda ta ƙunshi lafiya da salama da wadata, ita ce ta fito sau uku a aya ta 7, inda aka ɗaure lafiyar bayin da lafiyar birnin. Ashe alherin da Allah ya shirya masu ta kan alherin maƙwabtansu zai biyo.

Tarihi ma ya nuna cewa sun zauna ɗin. An samu wasu allunan yumɓu wajen 200 daga wani gari a ƙasar Babila mai suna Al-Yahudu, mafi tsufa a cikinsu na shekara ta 572 kafin haihuwar Almasihu, an kuma wallafa da yawansu a 2014. Suna nuna Yahudawa suna noma, suna hayar filaye, suna biyan haraji.

Tambaya ta biyu, yaya sauran Littafi Mai Tsarki ya karanta wannan wasiƙa? A nan ne fassara irin ta tauhidi ta wuce darasin tarihi, domin ikkilisiya ta gaskata cewa Allah ɗaya ne yake magana daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna, kuma duka Almasihu suke nunawa. Daniyel, wanda shi ma ma'aikacin gwamnati ne a Babila, ya karanta batun shekara 70 ɗin, sura ta 9 kuwa ta ce abin da ya yi shi ne azumi da furta zunubin al'ummarsa. Sura ta 6 ta nuna abokan aikinsa sun bincike shi sarai ba su sami ha'inci ko sakaci ba. Umarnin yi wa Babila addu'a ya cika a bakin Ubangijinmu, wanda ya koyar da a ƙaunaci maƙiyi a Matiyu sura 5, ya kuma aikata haka a kan gicciye. Manzo Bitrus a wasiƙarsa ta fari ya kira masu bi baƙi a duniya, ya kuma gargaɗe su su yi halin kirki a tsakanin jama'a.

Tambaya ta uku, yaya magabata suka fahimce ta? Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau, ya rubuta littafinsa a kan Birnin Allah bayan an washe birnin Roma a shekara ta 410. A ciki ya kafa hujja da wannan wasiƙa cewa Kirista yana da rabo a zaman lafiyar ƙasar da yake ciki, ko da masu mulkinta ba su bin addininsa. Shi ne kuma ya ba da ma'aunin da har yau yake da amfani: duk fassarar da ba ta ƙara ƙaunar Allah da ta maƙwabci ba, mai ita bai fahimci nassin ba tukuna.

Sai tambaya ta ƙarshe, me take nema a gare mu? Kada mu wuce gona da iri. Nijeriya ba Babila ba ce, mu ba bayi ba ne a cikinta, maƙwabtanmu Musulmi kuma ba su ne Nebukadnezzar ba. Da yawansu mun zauna benci ɗaya a aji. Amma in har an umarci waɗanda aka raba da gidajensu su nemi lafiyar birnin da ya ci su da yaƙi, ina ga mu da muke a ƙasar haihuwarmu? A Kaduna a 2000 da Jos a 2001 mun ga cewa wuta in ta tashi ba ta tambayar addinin mai rumfa.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga masu wa'azi a cikinmu, a riƙa karanta wa jama'a sura sukutum kafin a tsaya a kan aya, a kuma yi hattara da sa wa alkawarin Allah ranar cika, domin aikin Hananiya ke nan. Ga mu ma'aikata, neman lafiyar gari yana kan teburinmu: fayil ɗin fansho ya wuce ba tare da an nemi na goro ba, kuɗin rijiya ya zama rijiya, ko ƙauyen na su wane ne. Ga ƙungiyarmu kuwa, mu yi aikin da ba mu ne za mu ci moriyarsa ba, kamar gyaran ɗakin karatu da tallafa wa yaran da ba mu san iyayensu ba. Malamanmu da ke zaune a nan haka suka yi mana.

Allah ya ba mu kunnen ji da ikon aikatawa, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.