Silsilar Ilimi a Kwamfuta: Jawabi Ga 'Yan Uwa Ɗalibai a Sabon Garin Wudil

 

'Yan uwa, duk wanda ya zauna a Islamiyya ya san isnadi: wane daga wane, shi kuma daga wane. Malaman hadisi har littattafai suka wallafa don kawai a rarrabe mutum biyu masu suna ɗaya. To, wannan matsalar ce ke damun masu binciken kimiyya a yau, kuma mu ta fi ci. A jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Wudil, wadda aka buɗe a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022, masu sunan Muhammad nawa ne? In an ga takardar bincike a intanet da sunan "M. Abdullahi", na Wudil ne ko na Sakkwato? Sai wahalar wani ta zama rabon wani.

Maganin da aka samo shi ne rumbun bayanai masu sarƙe da juna, wanda kowa ke shiga kyauta. Misali Wikidata, da aka fara a Jamus a 2012. Can kowane abu lambarsa daban. Nijeriya ita ce Q1033. Sannan a ƙulla: wannan malami shi ya rubuta wannan takarda, takardar a kan kifin kogin Wudil take, an buga ta a mujalla kaza. Ɗalibi a Maraɗi in ya tambayi su wa suka yi aiki a kan kogin nan, kwamfuta ta bi silsila ta fito masa da su, ya neme su a haɗa hannu.

Me ya sa muke nanata "buɗaɗɗe"? Kamfanin Microsoft ya taɓa gina irinsa, ya rufe a ƙarshen 2021. Da yake bayanan ba a kulle suke ba, wata ƙungiya ta ɗauka ta buɗe OpenAlex a 2022.

Saura mu. Duk ɗan uwan da ke rubuta bincike ya yanki lambar ORCID, kyauta ce, ita za ta bambanta shi da takwaransa. Masu waya kuma, Wikidata na karɓar Hausa, ku shigar da ayyukan malamanku da aka buga. Amma fa kowace magana ku sa inda kuka samo ta. Wadda ba ta da madogara, wani zai iya zuwa ya goge.

Masu tambaya su ɗaga hannu.