Kurna da Wardi a Utaibiyya

Duk wanda ya ratsa kasuwar Utaibiyya ta Makka a lokacin da Larabawa ke kira rabi'i, sa'ad da manoman Ɗa'ifa ke tsinkar furen wardi tun kafin hudowar rana suna shirin bikinsu na shekara, lalle zai ga irin ni'imar da Allah Madaukaki Ya fitar daga duwatsun Hijaz, tun daga zuma har 'ya'yan kurnar nan tamu, wadda su suke kira nabaƙ. Tsiren da kakanninmu suka kawo ma yana nan da ƙuli-ƙulinsa, ana ce masa siriya. Alhazai, ku sayi gwargwadon buƙata, ku guji almubazzaranci da abinci a ƙasa mai alfarma.